Shekarar da Aka Mayar da Ƙanena Baya

A shekarun farko bayan an ba mu jihar Zamfara, ina ɗinki a wani ɗan shago a bakin kasuwar Anka. Gaban shagon akwai bishiyar dalbejiya da benci biyu, kuma nan ne majalisar masu son ƙwallo take zama bayan azahar. Babbanmu Kawu ne, wan Innarmu, mai sayar da hatsi. Bai taɓa sa ƙafa ya bugi ƙwallo ba, amma yana da rediyo da murya, kuma idan ya yanke hukunci kan ɗan wasa, da wuya a tayar. Sai wani bakanike mai gyaran babura, wanda aikinsa a majalisar shi ne musa wa Kawu.

Abin da ya haɗa mu shi ne kulob ɗin garinmu, kuma abin alfaharin gidanmu shi ne ƙanena. Shi ne lamba tara. Dogo ne mai faɗin ƙirji, manomi da rana, ɗan ƙwallo da yamma, kuma kusan duk ƙwallon da kulob ɗin ya ci a shekarun nan da ƙafarsa ko kansa a ciki. Sai dai muna ci ana cin mu. Mu zura biyu, a zura mana uku, mu dawo gida muna yabon ƙanena muna zagin 'yan baya.

A kakar wata shekara 'yan kasuwar yankin suka sa kofi tsakanin Anka da Gummi da Bukkuyum, da rago ga wanda ya ɗauka. Kocinmu wani tsohon malamin motsa jiki ne da ya yi ritaya, mutum mai ƙarancin magana. Kafin a fara gasar ya yi abubuwa biyu da suka hana majalisarmu zaman lafiya. Na farko, ya yi musaya da wani kulob na Bukkuyum: ya ba su ɗan gefenmu mai gudu, wanda dama aiki ya mayar da shi can, ya karɓo wani gajeren saurayi siriri da ba wanda ya san shi. Na biyu, ya cire ƙanena daga gaba ya mayar da shi tsakiyar baya, ya ba gajeren nan lamba tara.

Ranar da labarin ya zo, Kawu ya kashe rediyonsa ya ajiye a benci.

"Wanga koci ya tsufa," in ji shi. "Yaron da ka ci muna ƙwallo shi za a aje baya shina gadi? Ya ba da doki ya amso ɗan akuya, kuma shina so mu yi mai godiya."

Bakanike ya ce, "Kawu, bara nawa munka ci, nawa anka ci mu? Ba cin ƙwallo muka rasa ba, mai tare ƙofa muka rasa."

"To a nemo mai tare ƙofa. Mi ya kai shi taɓa wanda ke aiki?"

Suka juyo gare ni, tunda ƙanena ne. Na tsayar da keken ɗinki na ce ina ganin kocin yana da hujja, domin duk ƙwallon da ake cin mu ta sama take zuwa, kuma babu mai tsallen ƙanena a garin. Kawu ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce ashe akwai wan da zai ga an sauke ƙanensa daga kujera ya tafa. Maganar ta yi mini zafi, amma ban janye ba.

Shi kansa ƙanena bai ji daɗi ba. Ya zo shago da jesinsa a hannu don in cire masa tara in ɗinka biyar, ya zauna yana kallon allura tana hawa da sauka.

"Yaya, kai ma ka yarda da wanga abu?"

"Na yarda. Mi kocin ya ce maka?"

"Ya ce ya gaji da ganina ina cin biyu muna komawa gida da kunya. Ya ce in ba shi wasa uku, in bai yi ba in koma gaba."

"To ba shi."

Ya karɓi rigar ya tafi.

Wasan farko a filinmu aka yi, da kulob ɗin Bukkuyum da muka yi musayar da su, aka tashi babu ci. Gajeren ya zubar da ƙwallo biyu a bakin raga, ɗaya ma gola ya riga ya faɗi. Washegari majalisa ta cika har da waɗanda ba su saba zuwa ba. Kawu ya riƙa kwaikwayon yadda yaron ya harba ƙwallo sama, mutane suna dariya. Bakanike ya ce a tuna dai wannan ne wasa na farko a shekara biyu da ba a zura mana ko ɗaya ba. Kawu ya ce shi bai taɓa jin an ba da kofi don ba a ci mutum ba.

Daga nan abin ya fara juyawa a hankali. Muka ci wasa na biyu da ɗaya, na uku da biyu, kuma ragarmu ba ta motsa ba. Gajeren ba shi da ƙarfi, amma yana da wata dabara ta ɓacewa a bayan masu tsaronsa, sai ka gan shi inda ba a zata ba. Ƙanena kuwa ya fara jin daɗin wurinsa. Daga baya yana ganin fili duka, yana tsawa yana tsara mutane, har 'yan wasan suka koma sauraronsa fiye da kyaftin. Wasa uku suka cika bai je wurin koci neman lambarsa ba. Kawu bai sauka daga ra'ayinsa ba, ya dai canza hujja: yanzu cewa yake ƙananan kulob muke samu, a bari mu gamu da Gummi.

Muka gamu da su kuwa, a wasan ƙarshe, a filinsu. Suna da wani ɗan gaba da duk yankin ake tsoro, ƙato mai cin ƙwallo da ka. Muka tafi a bayan wata motar ɗaukar hatsi da Kawu ya samo, wasu a kan babura, muka isa ana kiran la'asar. Bayan salla fili ya cika, mutane har kan katangar makaranta da rassan itatuwa.

Da aka fito, sai muka ga koci ya sake yin wani abu: ya ajiye kyaftin ɗinmu a benci, ya sa wani mai tsaron tsakiya a madadinsa, ya ɗaura wa ƙanena ƙyallen kyaftin. Kawu ya riƙe haɓa.

"Ranar ƙarshe ake gwaji? Mutumin nan so shikai ya kashe ni a garin mutane."

Rabin farko Gummi suka danne mu. Ƙwallo ta riƙa zuwa ta sama, ɗaya bayan ɗaya, ana neman kan ƙaton nan, kuma kowane lokaci ƙanena yana tashi tare da shi. Sau ɗaya suka yi karo da ka har aka tsayar da wasa, aka zuba musu ruwa, suka tashi suka ci gaba. Daf da hutu aka bugo kwana, golanmu ya fito ya rasa ta, ƙaton ya sa kai. 'Yan Gummi sun riga sun ɗaga hannuwa. Ƙanena, wanda ban ga lokacin da ya koma kan layi ba, ya sa ƙirji ya tare ta, ya ɗauke ta da ƙafar hagu zuwa waje. Na ji hannun Kawu ya damƙe mini kafaɗa, bai kuma sake ni ba sai da aka busa hutu.

Bayan hutu koci ya sako kyaftin ɗin da ya ajiye, da sabon ƙarfi, lokacin 'yan Gummi sun fara gajiya. Rana ta yi ƙasa, inuwar katanga ta rufe rabin fili. Ƙanena ya ƙwace ƙwallo daga ƙafar ƙaton, ya ɗaga kai, ya aika ta doguwa can gaba. Kyaftin ya taɓa ta da ka, ta faɗo bayan 'yan bayansu, sai ga gajeren nan shi kaɗai. Bai harba da ƙarfi ba. Ya jira gola ya fito, ya gangara ta ta gefensa, ta shiga a hankali kamar ba ta so.

Ban san yadda na tsinci kaina cikin fili ba. Bakanike yana gudu da takalmi ɗaya, Kawu yana tsaye a bakin layi da hularsa a hannu yana faɗa wa wani baƙo da bai sani ba cewa mai lamba biyar ɗin nan ɗan ƙanwarsa ne. Da ƙyar aka fitar da mu aka ƙarasa wasan. Gummi suka yi ta kawo hari har busar ƙarshe, ba su samu ba.

Aka miƙa wa ƙanena kofi, goshinsa a kumbure, ya ɗaga shi ya juya ya miƙa wa koci. Tsohon ya riƙe shi kaɗan, ya ba gajeren, ya ce a yi sauri a yi alwala kada magariba ta wuce.

A hanyar dawowa an ɗaure ragon a tsakiyar mota, 'yan wasa suna kewaye da shi suna waƙa, babura a gaba da baya suna ta hon. A kowane ƙauye muka ratsa sai yara da manya su fito bakin hanya, mu ɗaga musu kofi. Kawu ya matsa kusa da koci ya ba shi goro.

"Malam, ka yi aiki. Amma da ka sako kyaftin tun farko, da uku munka ci."

Koci ya ɓare goron ya ce, "Wataƙila."

Washegari aka yanka ragon a gaban shagona. Matan unguwa suka dafa shinkafa, 'yan wasa da majalisa da duk wanda ya biyo ta hanyar suka ci. Ɗan gefen da muka bayar ma ya zo daga Bukkuyum a kan babur don taya mu murna, aka ba shi cinya. Kafin a gama wanke tukwane an fara gardamar wanda ya kamata a nemo daga Gummi badi.