Ƙafar Mai Hula

Ƙwal! Ƙarar tasar ruwa ke nan da ta kife, wata safiyar Asabar cikin damina, shekarar da nake aji biyar na firamare a Kurfi. Ba wata ƙara ce mai ƙarfi ba, Inna ma da ke surfe a gindin durumi ba ta ɗago ba, amma ni na san abin da ya faɗa kanta. Ɓeran masar ɗin ƙanwata Hanne ne, wanda kawunmu ya kawo mata daga Birchi cikin kwali, baƙi wuluk da farin tabo a ka, har muka sa masa suna Mai Hula.

Mu gidanmu zomaye muka sani, zomo kuwa da kunne muke ɗaukarsa. Da aka sa ni sharar akurkinsa sai na kama Mai Hula haka nan, na manta kunnensa bai wuce farcen babban yatsa ba. Ya zille, ya bugi bakin tasar. Da ya tashi gudu sai na ga yana jan ƙafar baya, ya shige bayan randa ya yi tsit, shi da ko motsin ciyawa ya ji sai ya cika gida da kuka.

Hanne tana da shekara biyar lokacin. Ba ta yi ihu ba, ta dube ni ta ce, "Mi ya yi maki?" Ta naɗe 'yar tabarmarta ta koma ɗakin Inna, ta daina yi mini magana. Yayanmu Lawal ya leƙa ya ce, "Wanga ya gama yawo, a kai shi bayan gari shirwa ta samu kalaci." Baba ne ya raba gardamar da ya dawo gona. Ya ce barin dabba cikin azaba alhaki ne, ya ba ni Juma'a uku, in bai taka ba a raba shi da wahala.

Na sha ganin yadda ake ɗora ƙafar akuya, saboda haka na fere sillen kara, na yagi bakin tsohon ɗankwalina, na ɗaure masa ƙafar tsaf. Kafin in dawo ɗebo ruwa ya cinye ɗorin, kara da tsumma duka! Na sake, ya sake. Lawal ya yi ta dariya, wai marar lafiyata ya fi son magani da abinci.

Kwana na uku na sa shi a ƙwarya, na rufe da faifai, na nufi gidan Malam Sule maɗori da ke bayan masallacin unguwarmu. Dattawa suna zaune a zaure, kunya kamar ta kashe ni, amma na durƙusa na gaishe su na buɗe faifan. Malam Sule ya yi dariya har da tafa hannu, ya ce, "Na ɗora mutum, na ɗora jaki, yau Allah ya kawo ni ga ɓera!" Duk da haka ya yi bisimilla ya shafa ƙafar da yatsa biyu. Ya ce ƙashin ya tsage ne bai rabu ba, kuma ƙaramin ƙashi ba ɗauri yake so ba, zama yake so. "Hana shi yawo, ɗiyata, ki kai mashi komi bakinshi."

Na samo tsohuwar tukunyar da bakinta ya fashe, na shimfiɗa ƙaiƙayi da busasshiyar ciyawa, na sa shi ciki. Kullum bayan asuba sai in canza shimfiɗar kada danshi ya ci masa tafin ƙafa. In an tashi makaranta ƙawayena su tsaya 'yar gala-gala, ni in bi gefen gonaki ina tsinko ganyen gyaɗa da na dankali da yaɗiya. Ruwa a murfin kwalba nake ba shi. In na idar da salla sai in sa shi cikin addu'ata, a hankali, kada Lawal ya ji.

Ranar Alhamis, ana gobe wa'adin Baba zai cika, na fito da shi tsakar gida, kowa ya tsaya. Ya sansana ƙasa, ya ɗan yi jim, sai ga shi tsul-tsul-tsul da ƙafa huɗu har gindin turmi. Ɗingishin bai bar shi duka ba har ya tsufa, amma ya taka. Baba ya ce, "Madalla." Daga bakin Baba kuwa wannan babbar kyauta ce.

Yau ina aure a Dutsin-Ma, likitan dabbobi yana nan kusa, kuma shi nake tura 'ya'yana in wata dabbarsu ta yi rauni. Na gama sakandare, an sha yaba mini tuwo da tarbiyya, alhamdu lillahi. Sai dai har yanzu ban samu yabon da ya kai na yammacin wannan Alhamis ɗin ba, lokacin da Hanne ta jawo tabarmarta ta shimfiɗa kusa da tawa, ta kama gefen zanena ta ce, "Yaya Bilki, ni ma in na karye, ke za ki ɗora ni."