Kunnen da Ya Ƙare a Ƙarƙashin Motocinmu

Tun kafin a buɗe gareji yake isowa, ya zauna kan wata tsohuwar taya yana goge sifanunsa. Mu direbobin haya Baba Mai Kunne muke ce masa. Gyaran ƙafar gaban mota ne aikinsa. In motarka tana ƙara, ba ya saurin ɗaga ta. Sai ya shiga gefenka, ya kashe rediyo, ya ce, "Bi da ni ta gargadar bayan gareji, sannu-sannu. Kuma ka yi mini shiru, ɗana, bakinka ya fi motar ƙara."

Sai ya rufe ido. In ta yi ƙwas a rami, ya ce shokazoba ce. In ta yi kuka a kwana, ya ce bushin ya mutu. Da wuya ka ga ya faɗa ba daidai ba.

Wata rana yayana ya yi lodi zai kama doguwar hanya. Baba ya ji motar na wucewa, ya tare gabanta. "Sauke mutanen nan," ya ce. Fasinja suka yi masa ca, wata ta ce tsoho ne mai neman aiki ido rufe. Da aka ɗaga motar ya girgiza tayar da hannu, sai ga boljoyin ɗin da ke riƙe da ita ya zame. Ba wanda ya ce masa yi haƙuri. Wata motar suka nema.

To, guduma da ƙarfe sun cinye kunnen nan. Tun bara sai an maimaita masa magana. Watan jiya ya ce wa wani shokazoba ce, aka canja, ƙarar tana nan. Mai gareji ya ce masa a gaban jama'a, "Baba, je ka huta haka nan." Hutun da ba ko sabulu a cikinsa. Waɗanda ya koya wa riƙe sifana kuwa, in ya leƙo, sai su rage murya suna dariya, don sun san ba ya ji.

Baba, kai ne ka saurari ƙarfe har ka daina jin mutane. Da irin abin da suke faɗa, ba ka yi asarar komai ba.

Shekaranjiya na kai masa motata gida. Muka bi gargadar layinsu. Ya tuɓe takalmi, ya ɗora tafin ƙafarsa a kan daɓen motar, ya rufe ido.

"Ƙafar hagu ce," ya ce. "Kada ka ɗauki ɗan kowa yau."

Da aka ɗaga ta, hagun ce kuwa.

Mun gode, Baba. Allah Ya biya ka abin da muka kasa. Masu tasowa, ku koyi yin shiru ku saurari mota kamar shi. Ku kuma direbobi, yana gida, aiki yake so ba tausayi ba. In kun je, ku ɗaga murya ku gaishe shi.