Wa Ya Cinye Wa a Bakin Kogi

Kakata ta wajen uwa ba ta taɓa raba mace da namiji a Hausarta ba. Maama muke ce mata, yadda Fulanin Yola suke kiran kaka. A bakinta kowa "shi" ne: ni shi, Inna shi, saniya shi, har matar liman mai 'ya'ya tara shi. In za ta fara tatsuniya sai ta ce, "Ga shi nan, ga shi nanku," mu kuwa jikoki mu haɗa baki, "Ya zo mu ji shi," muna ƙyalƙyala dariya. Ta san da ita muke. Sai ta ce yaren babanmu ne mai neman fitina, ita ba ta ga dalilin tsayawa a duba ko tukunya mace ce kafin a ɗora a wuta ba.

Babanmu ɗan kasuwa ne a Jimeta, iyayensa daga ƙasar Kano suka zo, a unguwar Dubeli muka tashi. Ni ban yi nisa a boko ba, aji uku na tsaya, amma kunnena ba ya barin magana ta wuce. Saboda haka na naɗa kaina mai gyara wa Maama Hausa. Ba wanda ya roƙe ni.

Tatsuniyoyinta kuwa, yanzu da na tsufa in na tuna su sai in riƙe baki. An dafa wani a tukunyar gero. An rufe wata a rami da ranta saboda ta ɗanɗani miyar da aka hana ta. Duk wannan tana faɗa tana ɓarar gyaɗa, ko gezau. Mu ma ba kuka muke yi ba, tsiya muke mata.

"Maama, ke wai kowa a labarinki sai an ci shi?"

"To dabba ba shi da yara a gida? Me za su ci?"

"In ya zo nan ke za mu miƙa masa."

"Ni? Ƙashi da fata? Kai ne mai kumatu, da kai zai fara."

Haka take ce mana, "kai", mu 'yan mata.

A shekarun da aka ce an yi jihohi, Yola ta koma bin Maiduguri, ina da kamar shekara goma sha ɗaya, cikin Inna mahaifiyarmu ya zo da matsala. Ƙafafunta suka kumbura, aka ce sai an kwantar da ita a asibiti. Baba ya sa mu a mota, ni da ƙanwata mai shekara biyar, aka kai mu gidan Maama a unguwar Bako cikin Yola. Inna ta rako mu har zaure. Ƙanwata ta riƙe mata zane, ita kuma ta ɓamɓare 'yan yatsun a hankali ta ce, "Zauna a nan, ina zuwa."

Ran nan bayan an ci tuwo Maama ta yi mana tatsuniya kamar kullum. Ina jin ita ma hankalinta na asibiti, bakinta ne kawai ya ɗauko wadda ta fi kusa. Wata mata ce a shekarar yunwa, da goyo a baya da yarinya a hannu, abinci ba zai ishi uku ba. Ta kai yarinyar bakin kogi, ta zaunar da ita a kan yashi, ta ce ta jira tana zuwa. Ta tafi. Rana ta yi, rana ta faɗi. Sai kada ya fito daga ruwa.

"Shi ke nan," in ji Maama, "ya cinye shi."

Na yi dariyata na ce ai dama, an saba. Ƙanwata ta tashi ta je ta kwanta.

Washegari ba ta sha kunu ba. Ta je ƙofar zaure ta zauna, daidai inda Inna ta bar ta. Aka kai mata dakkere, dambun Fulani, da kindirmo, ta kau da kai. Muka ce kewa ce, za ta wuce. Kwana na biyu haka, ruwa kawai, shi ma sai an matsa. A na uku leɓenta ya bushe, idanunta suka faɗa, in ta miƙe sai ta dafa bango. Maama ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta aika aka karɓo rubutu. Yarinya ta sha rubutun ta koma ƙofa.

Ni na gano. Na zauna kusa da ita ina tsefe mata kai, sai na ji ta kira ni Adda, wato yaya, ta ce can ƙasa, "Adda, Inna ma cewa ta yi tana zuwa." Sannan ta ƙara da cewa, "Kuma tana da wani yaron. In ban ci da yawa ba, zai ishe mu."

Na je na samu Maama tana burga nono na faɗa mata. Maburgin ya tsaya a hannunta. Sannan ta tashi ta ɗauki tabarma ta shimfiɗa a zauren, da hantsi tsaka, ta ce in kawo kunun gyaɗa in ajiye a gefe kar in ce wa kowa ya sha.

"Ga shi nan, ga shi nanku."

Na zaro ido. Ita ce fa mai hana mu tatsuniya da rana, wai mai yi zai ɓata a kasuwa. Na tuna mata.

"Yaushe rabona da kasuwa? In na ɓata ku huta."

Ta juya wajen ƙanwata. "Kai, ƙaramin. Ran nan barci ya ɗauke ku ban gama ba. Yarinyan nan na bakin kogi, ka san cikinsa ya yi ciwo kwana bakwai?"

Ƙanwata ta ɗago. "Ai kada ya cinye ta."

"Wa ya ce? Ni na ce ya cinye shi. Yarinya ya cinye kada. Yunwa yake ji, kada ya zo da kansa, sai ya bar shi?"

Ƙanwata ta dube ta, ba ta yarda ba. Ta san Maama da tsokana. Sai ta juyo gare ni, tunda ni ce kullum mai faɗin abin da Maama take nufi.

"Adda, ke kin iya Hausa. Wa ya cinye wa?"

To, ni na sani. Na taɓa jin Maama tana yi wa yaran maƙwabta wannan tatsuniyar da Fillanci, a can kuwa ba a ruɗewa. "Ndu nyaami mo," haka ta ce. Ndu na kada ne, mo na mutum. Kada ne ya ci. Maama ma ta san na sani. Ba ta yi mini ido ba, ba ta taɓa ni ba, ta dai sunkuyar da kai tana gyara bakin tabarma. A nan na tuna wadda ke kwance a asibiti ita ma 'yar wani ce.

A Hausarmu ko dai "ya cinye ta" ko "ta cinye shi". Maama ta ɗauko rabi nan rabi can. Abin da ya rage mini kawai in zaɓi rabin da zan gyara.

Na ce, "Ke ma kin san ta. 'Ta cinye shi' take nufi. 'Ta' ɗin ce ba ta iya ba."

"Dukansa?"

"Dukansa," in ji Maama. "Daga wutsiya ya fara."

"Har haƙoran?"

"Haƙora ya tofar. Mahaukaci ne shi?"

Wata 'yar dariya ta kuɓuce wa ƙanwata, ta yi maza ta haɗiye. "Uwar fa?"

Maama ta juya ta dubi ƙofa. Ranar ko ita ba ta da labarin 'yarta, Baba bai zo ba tun jiya.

"Ya dawo mana. Hanya ne da nisa. Ya zo ya tarar an cinye kada guda ba a rage masa ko ƙafa ɗaya ba, ya yi ta masifa."

"Ba ta yi fushi don ta ci da yawa ba?"

"Fushinsa dai ba a rage masa ba. Amma da ya ga cikin yarinya ya yi tulu, sai ya ce madalla, haka nake so in dawo in same ka."

Ba wanda ya dubi ƙwaryar kunun. Ni da Maama muka shiga gardamar ko naman kada ya fi kama da kifi ko kaza, ta ce ita ta ci, na ce ƙarya ne, ta ce a gidan ubana ake ƙarya. Muna cikin haka na ji ƙarar ludayi.

Sai bayan kwana tara Inna ta dawo, ta rame, da jariri a naɗe a zane. Ƙanwata ta ƙi kallonta tun safe har azahar, tana ta kewaya ɗakin kamar tana neman wani abu. Can ta zo ta ture ƙafar jaririn kaɗan, ta samu wuri a cinyar Inna ta zauna.

"Kin daɗe," ta ce. "Na cinye, ban rage miki ba."

Inna ta dube ni, ta dubi Maama. "Me ta cinye?"