Kunnen Raelene da Motar Jarrod

Raelene Kowalik ta shiga masana'antar motocin Holden da ke garin Elizabeth tana da shekara goma sha tara, ta fito tana da hamsin da bakwai, ranar da aka daina haɗa mota a can, a watan Oktoba na 2017. Mahaifinta ma nan ya yi aiki, a sashen fenti, tun zuwansa daga Poland. Ita da ɗinkin kujeru ta fara. Wata rana shugaban sashensu ya rage mata hanya, kafin su kai ƙofar gida ta ce masa akwai ƙarfe yana bugun ƙarfe a bayan motar, ɓangaren hagu. Ya ce ba ya jin komai. Da ya buɗe but sai ga sukudirebansa da ya yi wata biyu yana nema, kwance a ƙarƙashin tayar safaya.

Bayan mako guda aka ɗauke ta daga keken ɗinki. Sabon aikinta sauraro ne. Akwai wata 'yar hanya a bayan masana'antar da aka yi wa ramuka da duwatsu da gangan. A rufe gilasai, a kashe rediyo, direba ya ja, ita tana gefe da tafin hannunta a kan dashbod. Duk ƙarar da bai kamata ba sai ta faɗi inda take, a gyara kafin motar ta bar harabar. Shekara ashirin da shida ta yi a wannan kujera.

Gidanta yana kallon namu. Ni lissafi na koyar a makarantar sakandare har na yi ritaya, kuma ban taɓa damuwa da mota ba. A unguwarmu ko dai gidanku na Holden ne, ko na Ford, kowa ya san na kowa. Wanda ba ya ko ɗaya shi ne abin tausayi. Raelene tana ce mini Farfesa, 'yar motata kuma tana ce mata firij, saboda ba ta da ƙara.

"Farfesa, firij ɗin nan naka ya tashi ne ko yana tunani? Ni dai ban ji komai ba."

Ɗana Jarrod bai gado ni ba. Aikin wutar lantarki ya koya, kuma a 2016, yana da shekara ashirin da biyar, ya sayi motar da ya daɗe yana mafarki, HSV Clubsport ja, ƙirar 2009, ta hannu. A nan Elizabeth ake haɗa jikin irin waɗannan motoci, sannan a ɗora su a tirela zuwa Melbourne, inda kamfanin HSV yake ƙara musu ƙarfi da manyan birki, ya manna wa kowace lambarta. Silinda takwas gare ta. Idan Jarrod ya tayar da ita da safe, cokula suna rawa a kicin ɗinmu. Ranar da ya kawo ta bai shigo gida ba, ƙofar Raelene ya tsaya. Ta zagaya ta sau biyu, ta rufe kowace ƙofa ta saurara.

"Ta bi ta kunnena wannan," in ji ta. "Ka riƙe ta da kyau, in ba haka ba ni da kai ne."

Bayan wata uku ya sa mata sababbin lasifika da kansa, wani ƙaramin sukuru ya suɓuce masa ya faɗa cikin ƙofar fasinja. Tun daga nan duk ramin da aka taka sai ya yi ƙas-ƙas. Raelene ta ce za ta cire masa, amma sai ya fara tsayawa a bakin titi ya faɗa da ƙarfi cewa shi ɗan lantarki ne ba bakanike ba. Jarrod ya ce ya gwammace ƙarar. Shekaru suka yi suna wannan tsokanar.

Da aka rufe masana'antar, Raelene ta mayar da rumfar bayan gidanta wurin gyara. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ba su haihu ba. Tsofaffin abokan aikinta ne suke kawo mata motoci. Wasu sun koma tuƙin bas, wasu gadi, wasu ba su sake samun komai ba, suna zuwa ne don su zauna a kan tsohuwar taya su sha shayi. A 2020 aka yi ritayar sunan Holden gaba ɗaya, sunan HSV ma ya bi shi. Daga nan masu motocin suka shiga wani hali. Tunda ba za a sake ƙera ko ɗaya ba, kowa ya ga tasa ta zama abin ajiya, kuma wadda ba ta ci kilomita da yawa ba ita ake rububi. Mutane suka kulle motocinsu a gareji, suka lulluɓe su da mayafi, suna zuwa aiki a motar matansu. Wannan abu ya fi rufe masana'antar ɓata wa Raelene rai. Ta ce ta ga an kawo mata mota mai sheƙi kamar sabuwa, amma duk robobin ciki sun bushe, fetur ya zama danƙo, ɓeraye sun yi gida a kan injin.

A watan Yuli na 2020 ɗin likitoci suka ce Jarrod yana da cutar kansar jini. Ya dawo gida da zama. Wata Lahadi a Fabrairu, da rana, ya ce yana jin ƙarfi, in raka shi bakin teku a Semaphore. Shi ya tuƙa, ina gefe. Muka sayi soyayyen kifi da dankali, bai iya ci ba. Da muka dawo ya gaji, ya shigar da motar gareji a karkace, tayar baya ta hagu ta hau ɗaya daga cikin fararen layuka biyu da na shafa a ƙasa. Ya ce gobe zai gyara tsayuwar. Ya rasu ranar sha ɗaya ga Maris, 2021.

Agogon kilomitar motar ya tsaya a 96,318.

Ban motsa ta ba. Batir kaɗai na riƙa kula da shi, na jona masa caja, domin lambar ba ta fitowa sai da wuta. Kowace Lahadi nakan buɗe ƙofar direba, in duba, in rufe. Matata Glenys ba ta shiga garejin ko kaɗan. Mutum huɗu sun ƙwanƙwasa mana ƙofa suna son saye, ɗaya ma ya yaba mini da ban ƙara mata kilomita ba. Ban gaya masa dalilina ba irin nasa ba ne.

Raelene ta yi shiru shekara uku. Wata Asabar da safe a watan Mayun 2024 ta tsallako titi da ledar lemon tsami daga bishiyarta, ta tsaya a bakin garejin tana kallon ƙasa. Wani siririn layin baƙin mai ya fito ta ƙarƙashin ƙofar.

"Farfesa, buɗe."

"Ba komai ba ne, Rae. Zan goge."

"Goge wa? Jini take zubarwa, kai kana maganar tsumma. Buɗe, ko in ɗauko makullin da yaron nan ya bar mini."

Ban san ya bar mata makulli ba. Na buɗe. Ta ɗaga bonet, ta sunsuna tanki, ta matsa wata roba ta tsage a hannunta. Ta koma gida ta dawo da dogon sifana, ta sa a gaban injin, ta jingina da duk nauyinta. Da farko bai motsa ba. Sannan ya juya kaɗan, da wani gurnani.

"Yau ya juya," ta ce tana haki. "Bayan sanyin bana ban yi maka alkawari ba. Tsatsa ta fara cin ciki. In ya kafe, shi ke nan, ka samu jan akwati."

Na ce a tayar da ita a inda take, ba sai ta motsa ba. Ta ce injin zai ɗan ji daɗi, amma giya da birki da tayoyi titi suke so, kuma mai ba ya zagayawa yadda ya kamata sai motar ta yi zafi a kan hanya. Na ce a ɗaga ta a jak, tayoyin su juya a iska. Ta ce agogon zai ƙirga duk da haka, bai san iska da kwalta ba. Daga nan na faɗi abin da har yau nake jin kunyarsa. Na ce ai ta san wayar da za ta cire agogon ya daina ƙirga.

Ta ajiye sifanan a hankali.

"Kai? Kai da ka yi shekara talatin kana kama yaran mutane da satar amsa? Ban taɓa sa mota ta yi ƙarya ba, Graeme, ba kuma zan fara da ta Jarrod ba."

Ba ta cika kiran sunana ba. Na ce mata lambar nan ita ce abu na ƙarshe da ya yi da hannunsa wanda bai canza ba. Tufafinsa sun daina ƙamshinsa. An ba wani lambar wayarsa.

"Na sani," ta ce. "Zaɓi ɗaya ne dai. Ko lambar ko motar. Ni ba zan zaɓa maka ba."

Kwana tara na yi ina juya maganar. Glenys ta ce in bar abin yadda yake, kada wanda ya taɓa. Ban bi maganarta ba, kuma ban iya ba ta hujjar da ta gamsar da ita ba. Ran na goma na kai wa Raelene makullin motar.

Mako biyu ta yi tana aiki a garejinmu, motar tana nan a karkace. Ta zubar da tsohon fetur, ta ɗiga mai a ramin kowane fulogi, ta canza tayoyi da man birki, ta haɗa wayoyin da ɓeraye suka ci. Wani tiyo ya gagara samuwa a shaguna, sai a jikin wata matacciyar mota a gonar tsohon abokin aikinta ta ciro. Ni kuma na sabunta takardu. A kwanakin ne na lura tana juyo da kunnen hagu duk lokacin da na yi magana, kuma sau biyu butar shayi ta yi ta kuka a bayanta ba ta waiga ba.

Ranar Lahadi da hantsi ta miƙo mini makulli.

"Kai za ka ja. Ni wurina can ne."

"Rae, na shekara ashirin ban taka kuloci ba."

"To yau firij ya huta. Shiga."

Injin ya tashi a murɗawa ta uku. Na ji Glenys ta rufe tagar kicin. Sau biyu motar ta mutu a hannuna kafin mu fita ƙofa, Raelene tana cewa ko kakarta ta fi ni. Tayar ta sauka daga kan farin layin.

Agogon ba ya nuna mita, don haka ban san saura nawa lambar ta juya ba. Na yi zaton zan samu ko rabin kilomita. Ba mu kai ƙarshen layinmu ba, daidai akwatin wasiƙu na kwana, takwas ta zama tara. Na gani da idona. Ban tsaya ba, saboda akwai mota a bayanmu.

Raelene ba ta kalli agogon ba. Gilasai a rufe, rediyo a kashe, tafin hannunta a kan dashbod, idonta a lumshe. Muka hau babban titi, muka wuce tsohuwar masana'antar, inda yanzu wasu kamfanoni suke hayar sassanta. A gaba kaɗan akwai inda kwalta ta farfashe. Muna takawa na ji shi: ƙas-ƙas, ƙas-ƙas, daga ƙofar fasinja. Rabon da in ji wannan ƙarar tun dawowarmu daga Semaphore, lokacin kafaɗata ce a jingine da ƙofar.

Na dubi Raelene. Fuskarta ba ta canza ba.

Bayan ɗan lokaci ta ce, ba tare da ta buɗe ido ba, "Farfesa, ka ji wani abu?"

"Ke ba ki ji ba?"

"Kunnen dama ya mutu tun bara. Na hagu yana bin sa, likita ya ce ba a tare shi. Injin ina jin sa a hannu. Ƙananan sautuka ne suka tafi." "Kada ka gaya wa mutanen rumfa. Faɗa mini, me ka ji?"

"Ƙofar da kike jingine da ita."

Ta ɗauke hannu daga dashbod ta manna a jikin ƙofar, ta ce in koma in sake bin wurin. Na zagaya na sake bi. Na ga yatsunta sun tsaya a ƙasa, kusa da lasifika.

"Sukurun ɗan lantarki," ta ce. Ta yi wata 'yar dariya da ba ta kai ko'ina ba. "Aikin minti ashirin ne. In mun koma zan cire."

"Bar shi."

"Zai iya goge fentin ciki, ka sani."

"Na sani. Bar shi."

Muka isa gida. Na shigar da motar a miƙe, tsakiyar layukan biyu, domin ban iya yin karkatar da gangan ba.

Yanzu duk Lahadi muna fita, kilomita talatin da biyu zuwa da dawowa. Glenys ba ta taɓa shiga ba, kuma maganar motar ba ta tasowa tsakaninmu. Raelene ta rage karɓar aiki a rumfa, tana ce wa mutane bayanta ne ke ciwo. A mota kuwa ni ne kunnenta. Takan ce in faɗa mata duk abin da na ji, ni kuma ban iya ba. Nakan ce akwai ƙara a baya, ta ce wace iri, ta ƙarfe ko ta roba, hagu ko dama, tana zuwa da gudu ko da rami. In ce ban sani ba.

"Digirin banza," in ji ta. "Koma ka sake bi."