Akwatunan Kwali na Malama Kuwabara

A ɗakin karatu na garinmu Tatebayashi, wata matashiyar malama tana zaune ita kaɗai, da ƙurar alli a hannun rigarta. Tana yanka kwali da almakashi, tana fitar da siffar ƙananan akwatuna. Shekara talatin da takwas na yi ina koyarwa, na san zaman wanda ya rasa abokin shawara.

Tsohon mai kula da littattafai ya leƙo. "Malama Kuwabara, ƙaura za ki yi ba sallama?"

"Ina fa, Baba! Labarin wata Musulma 'yar gudun hijira muke karantawa. Gobe kowane yaro zai rubuta a cikin akwatinsa abu uku da zai ɗauka in gudu ya kama shi."

"To, me ya ɓata miki rai?"

"Asmida tana ajina. Ita da gaske ta gudo."

Tsohon ya koma bakin aikinsa.

A makarantunmu, abin da aka ba ɗaya shi ake ba kowa, daga miyar rana har takalmin shiga aji. In ta hana Asmida akwati, ta ware ta. In ta ba ta, ta fama mata miki a gaban yara talatin.

Ta ture akwatin ƙarshe gefe, ta jawo shi, ta mayar cikin sauran. Sannan ta yanka wani, ta sa nata sunan. Ina zaton gobe ita za ta fara karanta nata, don idanun yaran su sauka a kanta. Har na tashi, ba ta rubuta komai a ciki ba.