Sulen Azurfa Mai Doki da Na Nemo wa Mahaifina

Shekarun baya, lokacin da idon mahaifina ya fara dushewa, na ɗora wa kaina wani aiki da ya fi ƙarfin sanina.

Baba ya yi rayuwarsa yana sayar da dabino kusa da Uhudu, kuma duk alhajin da ya bar masa tsabar kuɗin ƙasarsu sai ya adana. Ɗaya ce ta gagare shi. Wani alhaji daga Faransa ya taɓa nuna masa ɗan sulen azurfa na Keltawa, mutanen da suka zauna can tun kafin haihuwar Annabi Isa. Doki ne a jikinsa, gaɓoɓinsa a warwatse. Baba bai taɓa daina zancensa ba.

Ranar da likita ya ce ganinsa raguwa zai ci gaba da yi, na ƙudura sai na nemo shi.

Na farkon da wani abokina ya samo mini jabu ne. Wani mai shagon zinariya a unguwar Al-Sih ya goga shi, ya ce, "Ya akhi, wannan dalma ce." Na ji kunya, amma ban fasa ba. Ni da ban san inda Faransa take a taswira ba, na duƙufa koyon nauyin sulalla da yadda ake gane na gaske. Na sha kaye a gwanjon intanet. Matata takan ce, "Halas, ya isa haka, saya masa turare mana ka huta."

Daga ƙarshe na samu wani ɗan ƙarami, gefensa a gutsure. Sai dai kafin ya iso Madina, Baba ya daina gane fuska.

Na tsaya a ƙofar ɗakinsa na kasa shiga. Mahaifiyata ta ce, "Kai masa. Idonsa ne ya tafi, shi yana nan."

Na sa masa a tafin hannu. Ya daɗe yana shafawa da babban yatsa.

"Ga wuyan, ga ƙafafun. Shi ne, ya waladi, ɗana." Sai ya yi murmushi. "Amma na alhajin nan ya fi naka ƙiba."

Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa. Na daɗe ina ganin na makara. Yanzu kuwa na gane cewa da na juya daga ƙofar nan, da wannan ce makarar da ba zan yafe wa kaina ba.