Malam da Mutanen Tsibiri

Ku matso kusa, 'ya'yana da jikokina, ku ara mini kunnuwanku. Ba tatsuniya zan yi muku ba, ko da yake wanda bai san Malam ba zai rantse ita ce.

Kun san maigidana da gaisuwa. Mutum ne da ko akuya ce ta riga shi shiga zaure sai ya yi mata sannu. To, bayan ya bar aikin jirgin ƙasa, sai ya sami sababbin mutanen gaisarwa. 'Yarmu Hauwa ce ta kawo masa kwamfuta daga Abuja don ya riƙa ganin jikoki. Mijinta Bala kuma ya saka masa wani wasan sarauta: a ba ka ƙasa a taswira, ka yi noma, ka yi yaƙi, ka yi sulhu. Ƙasar da aka ba Malam tana mulkin wani tsibiri can bayan teku. Kullum da hantsi sai ya gyara hula ya ce, "Mutanen tsibiri, an tashi lafiya?" Ni da na dama kunun, sai an gama da su ake waiwayo ni.

Wata rana sarkin maƙwabta ya kawo masa yaƙi. Malam ya ga sojojin tsibiri suna shiga jiragen ruwa, ba wanda ya kira su. Ya buga wa Bala waya.

"Su waɗannan ina za su?"

"Baba, ai a ƙarƙashinka suke. Yaƙinka nasu ne."

"An tambaye su?"

"Ba wurin tambaya a wasan, Baba."

"Haka aka ɗauki ƙanen babana daga tashar nan ta Minna zuwa yaƙin Turawa. Har ya rasu bai san me ya haɗa faɗan ba."

Ya kwashe sojojinsa kaf ya tura su gadin tsibiri, ya bar gida a buɗe. Kafin su isa, sarkin ya riga su. Sai ga saƙon sulhu: ka bar mini tsibirin, in bar maka ƙasarka. Malam ya ce shi 'yanta su zai yi. Bala ya ce ba a 'yanta kowa ana cikin yaƙi, sai an yi sulhu. Sulhun kuma, ga abin da sarki yake so.

Malam ya aika Kagara a kira amininsa Baba Danladi, wanda ya yi suna wajen sasanta manoma da makiyaya. Ya zo, ya ci tuwo, ya zauna gaban kwamfuta ya daɗe yana kallo.

"Shi wannan sarkin, ba shi da kawu?"

"Babu."

"Suruki fa?"

"Babu."

"To, Malam, ta ina za a kama shi? Ba shi da wanda yake jin kunya." Ya ajiye goro biyu gaban kwamfutar, ko Allah zai sa, ya koma Kagara.

A lokacin yanar ido ta fara rufe wa Malam gani. Likita ya ce a yi aiki kafin damina. Hauwa ta turo mota, motar ta koma ba kowa. Bala ya ce in an kashe kwamfuta wasan tsayawa yake, zai jira shi. Malam ya ce shi ba zai kwanta a gadon asibiti ana ba shi shayi ba, mutanensa suna hannun wani. Ranar nan raina ya ɓaci.

"Malam, zane ne fa. Ba mutane ba ne."

Ya juyo ya lalubo fuskata da ƙyar. "Hajiya, haka Bature ya ce ranar da ya shimfiɗa taswira a tebur."

Na wuce madafi. Tukwane suka sha wahala a hannuna.

Sai da hancinsa ya fara taɓa gilashin kafin ya bambanta teku da tudu, sannan ya yanke shawara. Ya miƙa wa sarkin garuruwansa, masu gonaki da masu kasuwa, har ya rage da birni ɗaya tak, amma ya hana tsibiri. Bala ya ce tun da yake wasan bai taɓa ganin sulhun asara irin wannan ba. Ana gamawa, Malam ya 'yanta su. Ba a jima ba kuwa mutanen tsibiri suka tara jirage, suka kawo masa yaƙi.

Na ce, "To, ga godiyarka nan ta iso."

Ya yi dariya har hular ta faɗi. "Wannan karon su suka ga dama. Ce wa Hauwa ta turo motar."

An makara. Ido ɗaya aka ceto, da shi ya ga sauran kwanakinsa, bai taɓa cewa da na sani ba. Da ya rasu, Baba Danladi bai daɗe ba ya bi shi. Bala ya daina wasan, ya ce duk sanda za a yi sulhu sai ya ji kamar ana kallonsa. Hauwa tana so in koma Abuja, na ƙi. Ina nan, ɗakin ya yi mini faɗi, ba ni da wanda zan yi wa faɗa.

Allah ka jiƙan Malam, ka haskaka makwancinsa. Shi da bai yarda a ba da kowa ba, ya Ubangiji, kada ka bar shi a hannun kowa sai naka. Amin.